Farautar Mutum Biyu: Abin Da Talotalon Daji Ya Tuna Mini

Wannan makon zan ɗan fitar da ku daga gari mu shiga daji. Labarin da zan ba ku na daɗe ina riƙe da shi, ko a gidanmu ba kowa ne ya san shi ba, kuma sai da na nemi iznin wanda abin ya shafa kafin in rubuta.

Wani dare an ɗauke wuta, ina kwance ina latsa waya, sai YouTube ya kawo mini bidiyon wasu mutum biyu a Amurka suna farautar talotalon daji. Mamaki ne ya fara tsayar da ni. Ni a sanina talotalo tsuntsun gida ne, wanda ke kumbura yana jan fiffike a tsakar gida yana bin yara da gudu, ko wanda ake jerawa a kasuwa idan Kirsimeti ta gabato. Ban taɓa kawo wa raina akwai ƙasar da yake kwana a kan bishiya ba, yana tashi sama, har magidanta su yi asubanci su wuni suna fama da shi su dawo hannu rabbana.

Amma abin da ya riƙe ni har ƙarshen bidiyon shi ne irin zaman da suka yi. Ɗaya yana gaba, ya jingina da bishiya, bindiga a kan gwiwarsa. Ɗayan yana can baya kamar taku 30, babu bindiga a hannunsa, sai wani ɗan akwatin katako da yake gogawa yana fitar da kukan tsuntsu. Da talotalon ya fito aka harbe shi, wanda ya fi tsalle da murna shi ne na bayan nan da bai harba komai ba. Na kife wayar a ƙirjina na daɗe ina kallon rufin ɗaki, domin na tuna safiyar da na ɗana bindiga, na saita ɗan kawuna, na ja kunama.

Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da na bi diddigi na karanta game da farautar tasu, don shi ne ya sa na fahimci tawa.

Talotalon daji ɗan asalin Arewacin Amurka ne. Mutanen Meziko ne suka mayar da shi na gida tun kafin zuwan Turawa, sannan Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya bazu har ya iso gidajenmu. Na dajin kuwa yana nan inda yake. A yau ana samunsa a jihohi 49 na Amurka, Alaska ce kaɗai babu shi. A shekarun 1930 saura ƙiris ya ƙare saboda sare dazuzzuka da harbi ba ƙaidi, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan dubu 30 suka rage. Sai aka shiga kama su da raga ana kai su dazuzzukan da suka ƙare a ciki, aka ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai harba, aka kuma kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation a 1973. Yanzu ana ƙiyasta su da kusan miliyan 6.

Babban lokacin farautarsa shi ne bayan sanyi ya wuce, daga Maris zuwa Mayu, wato lokacin barbara. A wannan lokaci namiji ake harbi, toro ke nan, wanda ake gane shi da wani tukkun gashi da ke reto a ƙirjinsa kamar gemu. Babban toro yakan kai kilo 8 zuwa 10. Idanunsa a gefen kai suke, da ɗan juya wuya ya ga ko'ina, kuma ko yatsa ka motsa a lokacin da bai dace ba ya gan ka. Shi ya sa ba a binsa, kiransa ake yi.

A ɗabi'arsu toro ne ke tsayawa ya yi kuka ya baza wutsiya, macen ta zo ta same shi. Maharbi kuma so yake ya juya wannan al'ada, ya kwaikwayi kukan mace har toron ya gaji da jira ya taho da ƙafarsa. Wasu da akwatin katakon nan suke kira, wasu da faifan dutse da ake karta da tsinke, wasu da wata 'yar roba da ake maƙalawa a ganɗa don hannu ya samu riƙe bindiga.

Sai dai toro ba wawa ba ne. Kunnensa yana gane daidai inda kukan ke fitowa. Yakan taho har ya rage taku 60 ko 70, ya tsaya a inda yake ganin ya kamata a ce ya hango macen, ya yi ta kumbura yana kai da komo. In bai gan ta ba sai ya juya abinsa. Bindigar da suke amfani da ita kuwa, mai watsa ƙananan harsasai, ba a so a harba ta a nisan da ya wuce taku 40, don kada a raunata tsuntsu ya tsere ya je ya mutu a banza. Wannan tazara ta taku 20 ko 30 ita ce ke kayar da mai farauta shi kaɗai, kuma ita ce aboki ke cikewa. Mai kira ya koma baya, mai harbi ya zauna a gaba kan hanyar da toron zai biyo. Toron zai tsaya nesa da mai kira kamar yadda ya saba, bai san ya riga ya shigo hannun na gaba ba. Wani lokaci ma mai kiran yakan riƙa ja da baya a hankali, yana kira yana tona busassun ganye da hannu, kamar macen ta gaji ta kama hanyarta. Sai toron ya kasa haƙuri ya biyo.

Aikin nasu tun da yamma yake farawa. Su rabu, kowa ya tsaya a wani tudu yana sauraron inda tsuntsayen za su hau bishiyar kwana. Wani ya yi kukan mujiya ko na hankaka, domin toro yakan amsa duk wata ƙara da ta zo masa ba zato. Kowa ya nuna ɓangaren da ya jiyo amsar, inda nunin biyu suka haɗu nan bishiyar take.

Sannan akwai dokokin tsira da rai. Ba a sa ja ko fari ko shuɗi, don su ne launukan kan toro. Ana jingina da bishiyar da ta fi kafaɗa faɗi don ta tare bayan mutum. Ba a bin kukan talotalo da sanɗa, wataƙila wani maharbi ne ke kira. In ka hango wani maharbi yana nufo ka, kada ka ɗaga masa hannu, ka buɗe baki ka yi magana da ƙarfi ya ji muryar mutum. Ba a harbin motsi ko ƙara, sai an ga tsuntsu ƙuru-ƙuru. Akwai kuma wata dabara da wasu ke yi, mutum ya riƙe buɗaɗɗiyar wutsiyar toro a gaban fuskarsa yana rarrafe, toron ya ɗauka wani ne ya zo ƙwace masa mata, ya taho faɗa. Dabarar tana aiki, amma wasu jihohi sun hana ta, saboda wanda ya mai da kansa tsuntsu don ya yaudari tsuntsu zai iya yaudarar wani maharbin ma. Da na karanta wannan sai da tsigar jikina ta tashi, domin mu ma muna da irinta a ƙasar Hausa. Burtu muke ce mata.

Ashe ma akwai tsohuwar alaƙa tsakanin tsuntsun nasu da namu. Sunan da Ingilishi ke kiran talotalo da shi, na zabo ne ya gada. Zabin Afirka sun riga shi shiga Ingila ta hannun fataken da ke kasuwanci ta ɓangaren Turkiyya, sai aka riƙa kiransu kajin Turkiyya. Da tsuntsun Amurka ya iso aka rikita su, sunan ya manne masa. Ko a sunan kimiyya rikicin bai warware ba, zabo Numida meleagris, talotalo kuma Meleagris gallopavo. Halayensu ma sun yi kama. Duka a bishiya suke kwana, a ƙasa suke kiwo, sun fi son gudu da tashi, kuma ba a yi musu sanɗa cikin sauƙi. To, a farautar zabin daji ne abin ya same ni.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Gwaram ta jihar Jigawa. Da damina manomi ne, da rani maharbi. Yana da adaka ƙirar maƙeri, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna tsumma, a zuba 'ya'yan boris na keke, a sake dannawa. Tana da wata 'yar ƙwaya da yake haɗawa da garin kan ashana, wadda ake ɗorawa a inda ƙarfen ke bugawa, ita ce ke kunna albarushin. Ɗansa na fari taubashina ne, wata bakwai ya ba ni. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shi yana ce mini ɗan boko, ni ina ce masa Sarkin Dawa.

A shekarata ta farko a kwalejin fasaha na je musu hutun ƙarshen shekara. Na tarar ciwon gwiwa ya zaunar da Kawu, sai ya ce mu biyu mu fita, karo na farko ba tare da shi ba. Kafin nan na sha bin su ina riƙe jaka, na kuma harbi gwangwani sau da dama a bayan gari.

Ga yadda farautar take. Da rani zabin daji sukan haɗu garke guda, 20 ko 30, su kwana a dogayen bishiyoyin bakin fadama. Gari na wayewa su sauko, su bi hanyar da suka saba zuwa gonakin da aka girbe dawa su yi kala. Mutum ɗaya ba ya kusantarsu, kafin ya yi taku goma wani ya miƙa wuya ya yi ƙara, duk su zuba a guje. Saboda haka ake raba aiki, akwai mai kwanto, akwai mai kora. Mai kwanto ya ɓuya da bindiga a gaban hanyarsu. Mai kora kuma ya zagaya ta bayansu. Korar nan ba ta ihu ba ce. Tafiya ce a hankali daga nesa, kamar manomi mai tara kara, su gan ka su riƙa matsawa ba tare da sun firgita ba, har su faɗa hannun mai kwanto. Su a Amurka jawo tsuntsu suke yi, mu turawa muke yi, amma a duka biyun mutum ɗaya ne ke riƙe da bindiga, ɗayan kuma shi ke sarrafa tsuntsun.

Da la'asar muka je duba wuri. Muka ga sawunsu a yashi, da ramukan da suke wankan ƙasa, da gashi mai ɗigo-ɗigo, da tarin kashi a ƙarƙashin wata kanya. Muka jira har magariba muka ji sun hau ta da hayaniyarsu. A hanyar dawowa muka yi gardamar wanda zai riƙe bindiga. Na dage ni ne baƙo, ni ya kamata a bar wa. Gaskiyar magana, hoto nake so in ɗauka da zabo a hannu in ɗora a Facebook 'yan ajinmu su gani. Ya yi dariya ya ce, "To ɗan boko, na bar maka. Allah ya sa kada ƙarar ta sa ka yar da ita."

Bayan isha Kawu ya zaunar da mu a ƙofar gida, ya haska ƙasa da tocila, ya ɗauki tsinke ya zana wurin kamar yana gani. Ga kanya, ga gona, ga ƙoramar da ta ƙafe a yamma. Abu huɗu ya gindaya mana. Na farko wurin zama, ni a gindin tsamiyar bakin gona, bayana jingine da ita. Ya ce, "Ko cinnaka ne ya hau ka, kada ka bar gindin tsamiyar nan." Na biyu fuskar harbi, tsakanin wani suri da wata bishiyar kalgo kawai. Duk zabon da ya fito a wajen wannan tsakani, ko rawa yake yi in ƙyale shi. Na uku alama, kukan kurciya da ake yi da tafin hannu. Sau ɗaya, an fara kora. Sau biyu, sun juya, a sauke bindiga. Kuma duk alamar da aka yi sai an amsa ta. Na huɗu lokaci, hantsi na dubawa kowa ya dawo gindin tsamiya yana magana da ƙarfi. Ya sa muka maimaita masa ɗaya bayan ɗaya. Ni a raina ina ganin tsoho ya cika dogon bayani a kan tsuntsu.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Sanyin hunturu yana ratsa ƙashi, ga hazo ya sauka, ba ka ganin abin da ya wuce taku 50 sosai. Ya raka ni har gindin tsamiya, ya ga na zauna, sannan ya zagaya. Can na ji kukan kurciya sau ɗaya, na amsa. Na zauna ina kallon tsakanin suri da kalgo, hancina yana yoyo, ƙafata ta yi sanyi ƙalau.

Bayan kamar rabin awa na lura kukan zabin ya daina matsowa. Yana karkata yamma, wajen ƙorama. Sai na fara lissafi. Na ce in na ci gaba da zama a nan za su wuce ta can, mu koma gida ba komai, Sarkin Dawa ya samu abin yi mini dariya har shekara ta zagayo. Na hango wani kurmin sabara kamar taku 50 daga inda nake, yana fuskantar ƙoramar. Na rungume bindiga na rarrafa zuwa can. Ban yi alama ba, na ce kada in firgita su.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda sai da na yi shekaru kafin in yarda da shi ko a zuciyata. Ina isa sabarar na ji kukan kurciya sau biyu. Na ji shi sarai. Amma na ce wa kaina ai kurciyar gaske ce, daji cike yake da su. Ban amsa ba, ban sauke bindiga ba, domin ba na son a ce farautar ta ƙare.

Ba a jima ba gamba ta fara motsi a gabana, bai fi taku 25 ba. Wani abu baƙi, ƙasa-ƙasa, yana sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai tsince ƙwaya. Zuciyata tana bugawa har a kunnena. Na ɗana, na saita tsakiyar baƙin, na ja kunama.

Ƙas! Ƙarfe ya bugi ƙarfe, wuta ba ta tashi ba.

Abin ya tsaya cak. Sannan ya ɗago a hankali. Na fara ganin dogon baki, sai kan burtu na katako, sai baƙin zane, sai fuskar ɗan kawuna a ƙarƙashi, idonsa a kan bakin bindigar. Zabin suka tashi fir daga can gefe, babu wanda ya waiwaye su a cikinmu.

Abin da ya faru shi ne, da ya ga garken ya karkata yamma, sai ya yi mini alamar in sauke bindiga, ya ciro burtun mahaifinsa daga jaka ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya shiga rarrafe don ya sha gabansu ya dawo da su kan hanya. Zabi ba sa gudun burtu, sun saba ganinsa yana kiwo a ƙasa. A lissafinsa ina can gindin tsamiya, bindigata tana kallon wani ɓangare daban.

Ya cire burtun ya tako ya zauna kusa da ni. Ya karɓi bindigar daga hannuna, don ni na kasa sakinta da kaina. Ya duba, ƙwayar kan ashanar babu ita, ta faɗi a wani wuri lokacin da nake rarrafe. Ya daɗe yana kallon wurin. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗan boko, ba a nan aka ajiye ka ba." Muka kamo hanyar gida. Tun da muka yi wayo ba mu taɓa tafiya mai tsawon wannan ba babu wanda ya tsokani wani. Da muka hango rumbunan gari ya ce, "Kada ka faɗa wa Baba." Na so ƙwarai in karɓi wannan tayi.

Amma Kawu ya ga bindiga ta dawo a ɗure, ya ga kunun da aka kawo mana ya huce babu wanda ya taɓa. Bai tambaya ba, ya dai zauna yana gyaran wata igiya. Ni na gaji na je na durƙusa na faɗa masa komai, ban da zancen kurciyar da na ji. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Na ga motsi, Kawu."

"Ba motsi na tambaye ka ba. Ka ga kai? Ka ga ƙafa? Ka ga zane?"

"A'a."

"To me ka harba?"

Na yi shiru. Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, da ka yi alama, an amsa maka?"

"Ban ji ba, Baba."

"Ba ka ji amsa ba, ka sa burtu ka shiga ciyawa, alhali akwai ɗurarriyar bindiga a dajin?"

Shi ma ya sunkuyar da kai. Kawu ya miƙe da sandarsa ya ce mu biyo shi bayan gida. Ya sa aka jingina wani tsohon daro a jikin kuka, ya ƙirga taku 25, ya ɗora sabuwar ƙwaya, ya harba ɗurin nan da na fita da shi. Hayaƙi na washewa ya ce mini, "Je ka ƙirga." Huda 19 na samu a jikin daron. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Na ɗauka zai ce in haɗa kayana in koma Kano. Sai ya ce, "Gobe za ku koma. Kai ne mai kora." Haka aka yi. Sauran hutun nan duka, da na shekarar da ta biyo baya, ban ƙara taɓa bindiga ba.

Safiyar farko da na yi kora ƙafafuna rawa suke yi. A ranar na gane abin da mai kora yake yi. Tafiya yake yana nufar bakin bindigar da ba ya gani, ba shi da wata kariya sai maganar da aka yi jiya da dare, cewa abokinsa yana nan inda ya ce zai zauna, yana kallon inda ya ce zai kalla. Wannan amanar ɗan kawuna ya ba ni, ni kuma na sayar da ita saboda hoto. Kowane taku na yi sai in tuna shi ma yana da dalilin da zai riƙe ni a zuciya, ga shi shi ke riƙe da adakar. Duk alamar da na yi kuwa sai na ji ya amsa, a daidai inda aka ajiye shi.

A hankali tsoro ya ragu na fara koyon aikin. Ba a kallon zabi kai tsaye, ta wutsiyar ido ake lura da su. Ba a nufarsu a miƙe, sai a riƙa gittawa ana sunkuyawa ana ɗaukar kara. In ɗaya ya miƙa wuya ya daina tsinta, ka tsaya, ka ma juya musu baya har ya koma kiwo. In ka matsa da yawa su tashi, in ka yi nisa su manta da kai su bi inda suke so. In kana son su karkata dama, kai ka ɗan zagaya hagu. Kwana uku muna dawowa ba komai, sau biyu don garken ya bi ta wajen suri da kalgo ɗan kawuna ya ƙyale su suka wuce yana kallo. A rana ta huɗu suka shiga tsakanin a jere. Harbi ɗaya ya kayar da biyu, na sheƙa da wuƙa na yanka su tun suna shure-shure. Kawu ya ba kowa ɗaya. Da na ce ai ba ni na harba ba, sai ya ce in je in tambayi zomo, shi da ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Shi ya sa na gane murnar mutumin nan na bidiyo da ke zaune a baya. Su can dokokinsu a rubuce suke, yawancin jihohi ma sai sabon maharbi ya yi kwas ɗin koyon kiyaye haɗari kafin a ba shi lasisi. Mu namu da tsinke aka zana mana a ƙasa. Amma da na jera su sai na ga abu guda suke tsoro, wato lokacin da tsuntsu ya ƙi bin tsarin da aka yi, ɗaya daga cikin abokan ya yanke shawarar gyara tsarin shi kaɗai. Mu biyu duk mun yi haka a safiya ɗaya, kowa yana ganin dabara ya yi. Da ɗayanmu ya haƙura ya ce zabin yau sun tsira, da babu abin da za mu rasa sai miyar dare ɗaya.

In wani a cikinku yana fita irin wannan farauta, ko yana da ƙane mai fita, ga abin da zan ce. A gama magana tun a gida, wa zai zauna a ina, ina zai fuskanta, mece ce alama, yaushe za a tashi. In an shiga daji kada a canja komai sai an yi alama an ji amsa. Alamar da ba a amsa ba kuwa, a ɗauka ba a ji ta ba, a miƙe tsaye a yi kira da baki, ko da tsuntsayen za su watse. Wanda ya fi ɗokin riƙe bindiga, shi ya kamata a fara bai wa kora.

Zancen kurciyar da na ɓoye sai bara na faɗa wa ɗan kawuna. Ya ce ya sani tun a ranar, domin iskar tana kaɗawa ta wajena ne, babu yadda za a yi a ce ban ji ba. Ya ce ya bar ni ne in faɗa da bakina.

Bidiyon talotalon ma na tura masa ta WhatsApp. Washegari ya aiko mini da saƙon murya yana dariya, ya ce, "Ka gani ko, ɗan boko? Bature ma ya san ya zauna inda aka ajiye shi." Sannan ya ce garken kanyar nan ya ragu sosai tun da aka fara noman rani a fadamar, amma akwai wani a gaba da ƙorama, in zan zo a Disamba in faɗa masa da wuri, in kuma faɗi aikin da nake so. Na ce masa ya ajiye mini kora.